Ta ina zan rage kuɗin buga kundin hotunan kayana?

Mai Takalma, Marwa:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar takalma da jakunkunan fata, kuma 'yan kasuwar da nake aika wa kaya a Yawunde da Duwala sun matsa mini in yi musu katalog, domin su riƙa nuna wa masu saye. Na tsara shafi 22 masu launi a girman A4, ina son kwafi 300, amma kuɗin da wata maɗaba'a ta yanka mini ya fi ƙarfina. Me zan rage ba tare da hotunan sun lalace ba?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Garwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka fara da yawan shafukan. Kundin da ake ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya, kowace takarda shafi 4 take bayarwa, saboda haka 22 ɗin nan za a cika maka shi zuwa 24, ka biya kuɗin shafi biyu da babu komai a kansu. Ka matse shi zuwa 20, ko ma 16, kuma idan ka koma A5, wanda rabin A4 ne, takardar da za ka ci ta ragu da rabi. Takarda mai ƙyalli giram 115 (ma'aunin kaurin takarda ke nan) ta isa a ciki, bangon kaɗai za ka yi da mai kauri.

Sannan ka tambaye su da wace na'ura suka yi maka lissafi. Babban injin ofset yana buƙatar faranti huɗu ga kowace fuskar babbar takardar bugu, wato fallayen ƙarfe da ake zana aikin a kansu don ɗaukar tawada, na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma kuɗinsu ɗaya ne ko kwafi 300 ka buga ko 3,000. Ga ƙaramin adadi irin naka, bugun dijital, wanda ba ya buƙatar faranti, yakan fi araha.

Hajiya Mai Shadda, Ngaundere:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka rubuta farashi a ciki. Ni na yi haka, ba a jima ba kuɗin kaya ya tashi, na zauna ina bin shafi-shafi da biro ina sokewa, har wani mai saye ya ɗauka ha'intarsa nake yi. Ka sa wa kowane takalmi lamba, farashin kuma ka buga shi daban a takarda guda da baƙin tawada, ko ka tura ta WhatsApp. Kuma kada ka ba da izinin bugu sai an nuna maka samfur a takarda, domin jan fatar da ke haske a waya yakan fito da duhu.

Mai Takalma, Marwa:
Allah ya saka muku da alheri. Zan koma A5 shafi 16. Malam, idan na sami araha a Duwala, in kai aikin can?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Garwa:
Tunda masu karɓar kundin a can kudu suke, ka tura fayil ɗin PDF a buga a raba musu a can, kwafi kaɗan kawai a sako maka a mota zuwa Marwa.