Bayan Faɗuwa Uku a Lissafi: Ya Sake Zama Ko Ya Tafi Suame Magazine?

Mai neman shawara, daga Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama babbar sakandare a shekarar 2021, kuma tun ina aji ɗaya ba ni da burin da ya wuce in zama ma'aikacin jinya. Duk darussana sun yi kyau in ban da lissafi, wanda na samu D7 a cikinsa. Na zauna jarrabawar Nobdek, wato WASSCE ta masu zaman kansu, sau biyu bayan haka, na samu E8, sannan na koma D7, alhali kwalejin jinya ba ta karɓar abin da ya gaza C6. Kawuna ya ce wanda ya faɗi abu ɗaya sau uku, nuna masa ake yi cewa abincinsa ba a nan yake ba, saboda haka in bi shi Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, in koyi gyaran mota. Shekaruna 22, kuma na rasa wadda zan kama.

Kawunsa: Na faɗa, kuma ban janye ba. Yaran da suka shigo garejina a shekarar da ya gama makaranta, yau wasunsu suna sauke inji su mayar ba tare da na tsaya a kansu ba, shi kuwa yana nan riƙe da takarda ɗaya da ta ƙi cika. Ni ban raina boko ba, amma da idona nake ganin 'yar'uwata tana tashi kafin asuba tana dama koko tana suyar ƙosai, kuɗin rajista da na darasi duk daga wannan kaskon suke fita. Haƙurin da wani ne yake biyan kuɗinsa, ya kamata a tambayi mai biyan ko zai iya ƙarawa.

Malamin lissafi, daga Asawase: Alhaji, maganarka a kan mahaifiyarsa gaskiya ce, amma ban yarda da ƙidayar faɗuwar ba. Tsakanin D7 da C6 mataki ɗaya ne tak, kuma wanda ya kai D7 sau biyu ba za a ce kansa ba ya ɗaukar lissafi ba. Jarrabawar takarda biyu ce: ta farko tambayoyi 50 na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu kuwa tambayoyi 13 ne, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma a wannan ta biyun ake ba da maki a kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. A nan yawancin ɗalibaina suke zubar da maki, domin sun saba haddace amsa, ba su saba nuna hanyar da suka bi ba. Ƙanena, kafin kowa ya yanke maka hukunci, gaya mana yadda ka shirya.

Mai neman shawara: Malam, da rana ina tsaron shago a kasuwar Kejetia, da dare kuma in ɗauki littafin tsofaffin tambayoyi in karanta amsoshinsu har barci ya ɗauke ni. Haka na yi duka sau biyun, kuma babu wanda ya taɓa duba aikina ya nuna mini inda nake kuskure.

Malamin lissafi: To, ka ji inda gizo yake saƙar. A ganina shiri ɗaya ka yi, ka maimaita shi, shi kuma ya maimaita maka sakamakonsa.

Ma'aikaciyar jinya, daga Sawaba: Ina so in taɓa wani gefen da ba a taɓa ba, domin ana magana kamar C6 ce ƙarshen tafiya. Bayan ta akwai neman gurbi, wanda ba kowane mai cikakkiyar takarda yake samu ba, sai karatun shekara 3, sai jarrabawar lasisi ta hukumar jinya da ungozoma, sai shekarar hidimar ƙasa, sannan jiran gwamnati ta ɗauke ka aiki, kuma na san waɗanda suka shekara da shekaru suna wannan jira. Lissafin ma ba zai rabu da kai ba, domin da shi ake auna magani gwargwadon nauyin yaro, da shi ake ƙidaya ɗigon ruwan da ake ƙara wa marar lafiya, kuma kuskure a nan rai ne. Saboda haka tambayata gare ka, ɗana, ita ce: jinyar kake so, ko farar riga da labarin waɗanda suka tafi Ingila? Idan ka taɓa kwana a gefen gadon marar lafiya, ka wanke shi, ka kwashe abin da ya fitar, kuma zuciyarka ba ta juya ba, to ni ina bayanka.

Mai neman shawara: Anti, ni na yi jinyar mahaifina wata bakwai kafin rasuwarsa, kuma a wannan ɗakin burin ya ƙara kama ni.

Wani dattijo, daga Alabar: Allah ya jiƙansa da rahama. Alhaji, ka yi haƙuri in gyara abu ɗaya a maganarka. Babu wanda yake karanta ƙaddara daga takardar sakamako, domin ba a sanin abin da aka rubuta wa bawa sai bayan ya auku. Abin da aka umarce mu da shi shi ne shawara da istihara da riƙon sababi. Amma kuma ba na so a mayar da Magazine wurin da ake jefa wanda ya gaza, domin daga Burkina Faso ma ana kawo mota gyara a can, kuma gidaje da yawa a Zangon nan da kuɗin sifana aka gina su. Shawarata ita ce a sa wa abin wa'adi: zama ɗaya, da malami mai duba aiki, kuma kuɗin ya fito daga gumin yaron, a sauke wa uwarsa wannan kaya.

Kawunsa: Baba, na karɓi gyara a kan ƙaddara, Allah ya yafe mini. Amma wa'adin nan na ji irinsa bara, kuma da sakamako ya fito sai aka ce saura kaɗan. Ga abin da zan iya: ya zo gareji daga safe zuwa azahar, in riƙa ba shi abin da zai tara na rajista, yamma kuma tasa ce da malaminsa. Idan D7 ta sake fitowa, ba na son in ji wata magana.

Malamin lissafi: Na ɗauki duba aikinsa ranar Asabar da Lahadi, amma ban ɗauki sharaɗin Alhaji na ƙarshe ba, domin jami'o'inmu suna karɓar wanda ya kai shekara 25 ta hanyar jarrabawar manyan ɗalibai, kuma ba zan sa hannu a rufe masa wannan ƙofa tun yana 22 ba.

Mai neman shawara: Na gode, iyayena. Kawu, ranar Litinin da safe zan zo gareji, amma ina roƙon a bar maganar abin da zai biyo bayan sakamako har sai na zauna da Iya, domin har yanzu babu wanda ya ji ta bakinta.