Zed ta 1982 ko Camry? Don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, wallahi kaina ya kulle. Ina aiki a shagon kayan gini a Jidda, na ɗan tara kuɗin mota, ga mata da yara uku. Sai na ga Nissan 280ZX ta 1982, wato Zed, a shafin saye da sayarwa na Haraj, ja, mai rufin da ake cirewa, sak irin wadda marigayi babanmu yake wanke wa maigidansa a Kano muna yara, ni ke riƙe masa bokiti, ko taɓa ta ba a bari mu yi, tun lokacin take cikin raina. Ga kuma Camry 2019 da wani zai sayar min. Uwargida ta kafe sai Camry. Ya zan yi?

Makaniken Sana'iyya: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka cire Zed a ranka. Injin L28 ne, silinda shida, lita 2.8, yana da ƙarko ban musa ba, amma motar ta haura shekara 40, danshin tekun Jidda ya gama cin ƙasanta, ka kwanta ka leƙa za ka ga tsatsa. Kayan gyaranta kuwa sai ka yini a tashlihin Briman, inda ake sayar da sassan tsofaffin motoci, ka dawo hannu rabbana. Na Camry ko'ina akwai.

Mai tambaya: Yallaɓai mai ita ya ce ta wuce fahas, wato gwajin lafiyar mota, kuma kullum a inuwa take.

Makaniken Sana'iyya: Ya nuna maka takardar? Istimara fa, takardar rajistar motar? Mai kujera biyu ce ko 2+2, mai ƙarin ƙananan kujeru biyu a baya?

Maman 'yan biyu: Hmm. Haka maigidana ya kwaso tsohuwar mota, AC ya mutu mana a hanyar Makka da azahar, yara na kuka, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka ji tausayin baiwar Allah nan.

Direban Ɗa'if: Ni dai na ce ka saya! Larabawa na neman Zed ido rufe, ba ta faɗuwa a kasuwa. Camry ɗin ma tawa ba gyaran giyarta ya ci min kuɗi ba? 

Makaniken Sana'iyya: Wadda ba ta faɗuwa ita ce mai lafiya, wadda aka adana. Waccan ba a kai yara makaranta da ita, ko jakar iska babu.

Mai tambaya: 2+2 ce, yaran ƙanana ne za su shiga baya. Kuma ai makarantar ba nisa.

Maman 'yan biyu: Su uku a kujera biyu?

Mai tambaya: Zan dai je in gan ta bayan Juma'a. Wa ya san mai duba tsohuwar Nissan a Jidda?