Ƙafar dokin filasta ta karye, facin kuma ya ƙi zama

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zuba mutum-mutumin doki na filasta (farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare) mai tsayin santimita 40, wajen cire shi daga mazubi ƙafar gaba ta karye. Na kwaɓa sabuwar filasta na liƙa, da ta bushe ta ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ga kuma 'yan ramukan iska a wuya. Ya zan yi kafin fenti?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, busasshiyar filasta ƙishirwa gare ta. Da ka ɗora sabon kwaɓi, sai ta zuƙe ruwansa kafin ya kama, shi ya sa ya zama gari. Ka jiƙa wurin da soso har ya daina shan ruwa, ka kakkarce shi da bakin wuƙa, sannan ka cike. Awo: giram 100 na gari, giram 70 na ruwa. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, a bar shi minti 2 ya jiƙa, a juya a hankali don kada iska ta shiga. Idan ya fara tauri kada ka ƙara ruwa, ya riga ya mutu, zubar da shi. Ba a magudanar ruwa ba, toshewa take yi.

Amsa ta 2: Malam, ƙafa mai ɗaukar nauyi ba ta zama da faci kaɗai. Bari gutsurorin biyu su bushe sarai, ka huda kowanne zurfin santimita 2 zuwa 3, ka zura sandar tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ka haɗa da gam ɗin epoxy (gam mai ƙarfi da ake gauraya kashi biyu kafin a shafa). Guji ƙusa: za ta yi tsatsa, ta kumbura, ta tsaga ƙafar daga ciki, ga jan tabo a waje. Ka goge gam daga bakin tsagar, ka bar gurbin da filasta za ta rufe.

Amsa ta 3: Ramukan nan ka ɗan buɗe bakinsu tukuna, ka tura kwaɓi da ƙaramin burushi. Ka daidaita facin da wuƙa tun yana ɗanye, don yakan fi kewayensa tauri, sanfefa sai ta ci gefe ta bar maka tudu. Bayan ya bushe, sanfefa lamba 220, sannan 400. Taɓa shi da kumatu: in akwai sanyi, da sauran danshi, fenti zai ɓare. In babu, shafa shelak (wani irin vanish da ke hana filasta shan fenti) tsinkakke sau biyu, ka bar na farko ya bushe kafin na biyu.