Na'urar VNS don farfaɗiya: waɗanda aka saka wa, ku ba mu labari

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 14, tun yana firamare yake fama da farfaɗiya. An gwada maganin Tegretol, an koma Epilim, yanzu an haɗa masa da Keppra, amma da wuya a yi mako bai faɗi ba. Likita ya ce hoton MRI bai nuna takamaiman wurin da za a yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa ba, sai ya kawo maganar wata na'ura, VNS, da ake dasawa a ƙirji tana aika ɗan bugun lantarki ga wata jijiya a wuya don rage faɗuwar. Babansa na tunanin mu tafi Indiya ko Masar. Don Allah wanda ya san abin a jikinsa ya yi mana bayani.

Abban Yusra, Ingila: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ni aka saka wa, ba labari na ji ba. Yanka biyu ne ƙanana, ɗaya a ƙirji ɓangaren hagu inda ake ɓoye batirin a ƙarƙashin fata, ɗaya a wuya inda ake naɗe siririyar waya a jikin jijiyar da ake kira vagus. Ba a taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Sai da yankan ya yi kamar mako biyu sannan suka kunna, suka riƙa ƙara ƙarfin a hankali. Tawa tana aiki sakan 30, ta huta minti 5, dare da rana. Duk sanda ta tashi muryata kan dishe, har na daina yarda a tura ni limanci a gida. Amma gaskiyar da nake so ki riƙe: ba ta warkar da ni ba, kuma ban daina shan magani ba. Faɗuwar ce ta ragu, in ma ta zo ba na daɗewa kafin in dawo hayyacina. Sai a shekara ta biyu na ga bambanci sosai.

Ummu Sadiq: Ni kam ƙanwata ba ta ga amfaninta ba. Tari, ƙaiƙayin maƙogwaro, in ta hau bene numfashi ya yi mata wuya, faɗuwa kuma tana nan yadda take. Daga baya aka kashe na'urar. Tun farko likitan bai ɓoye mana ba, ya ce kusan rabin mutane ne ciwon ke raguwa musu da rabi, waɗanda yake ɗaukewa gaba ɗaya kaɗan ne. Mu ne muka saka rai da yawa.

Malam Ɗan Zariya: Hajiya, kafin maganar tikitin jirgi ku tambayi abu guda: in kun dawo gida, wa zai riƙa saita ta? Na'urar ba sabuwa ba ce, tun 1997 Amurka ta amince da ita, amma saitin yana buƙatar likita mai kayan aikin kamfanin. Ɗan yayana an yi masa a waje, aikin ya yi kyau, sai ga shi duk gyaran saiti sai an sake neman biza. Batirin ma bayan wasu shekaru yana ƙarewa, wata ƙaramar tiyatar ce da wani kuɗin. Ku sa duk wannan a lissafi, ba kuɗin dashen kaɗai ba.

Maman Khalifa: Wallahi Malam ban kawo wannan a raina ba. Abban Yusra, na ji ana maganar maganaɗisu, mene ne aikinsa?

Abban Yusra, Ingila: Ana ba ka shi kamar agogon hannu. In na ji alamar ciwon na zuwa, ko uwargida ta ga ya fara, sai a shafa shi a kan na'urar ta ba da ƙarin bugu. Wani lokaci ya katse, wani lokaci ya gajarta, wani lokaci ko gezau. In aka ɗora shi aka bar shi a wurin, na'urar tsayawa take, haka nake yi in zan yi doguwar magana a taro. Sababbin samfurin ma suna lura da bugun zuciya, in ya yi sama farat ɗaya su kunna kansu. Ki koya wa malaminsa na makaranta yadda ake shafawa, ki kuma ja musu kunne kada a cusa masa cokali a baki. Sannan duk inda za a yi masa MRI nan gaba, a fara gaya musu yana ɗauke da ita.

Ummu Sadiq: Ki kuma fara rubuta ranakun da yake faɗuwa tun yanzu, Anti. Mu da ba mu rubuta ba, da likita ya tambaya ko an samu sauƙi, ni da Mama amsa daban-daban muka ba shi.