Wata huɗu ke nan aikina ya cije kuma ƙarfina ya ƙare: ta ina zan faro?

Mai Neman Mafita ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani hali da na tsinci kaina a ciki, wanda na daɗe ina ɓoyewa saboda kunya. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma ina rubuta kundin digiri na biyu. Babi biyu na farko cikin ɗoki na rubuta su, har nakan raba dare a kansu ban ji gajiya ba, amma tun da na shiga babi na uku aikin ya cije, yau wata huɗu ke nan ban ƙara ko shafi ɗaya ba.

Kullum idan na dawo daga makaranta sai in sha kofi da magariba domin in wartsake, in zauna gaban kwamfuta, in buɗe fayil ɗin, in karanta sakin layi na ƙarshe da na rubuta, in canza kalma ɗaya, sannan in mayar da ita yadda take. Daga nan sai in ce bari in duba saƙo guda a waya, kafin in farga dare ya raba. Nakan kwanta wajen ƙarfe 1 da nauyin zuciya, in tashi ƙarfe 5 da rabi jikina kamar an yi mini duka. Malamin da ke duba aikina ya aiko mini da saƙo sau biyu, har yau ban amsa ba, domin ban san abin da zan ce masa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kasalar ta bi ni har cikin aji. Shekara tara ina koyarwa, kuma a da da karsashi nake shiga, amma yanzu idan ɗalibi ya ɗaga hannu sai in ji kamar ya ɗora mini kaya. Na saurari jawaban ƙarfafa gwiwa masu yawa, sukan ɗaga ni na yini ɗaya, washegari in koma gidan jiya. Shin lalaci ne ya kama ni, ko kuwa wani abu ne dabam? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita, ina roƙon ya gaya mini ta inda ya faro.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo sauƙi. Kafin a yi maganar himma, bari mu yi lissafin da ka ba mu da bakinka: daga ƙarfe 1 zuwa 5 da rabi awa huɗu da rabi ne, alhali babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Wanda ya yi wata huɗu a kan rabin abin da jikinsa ke nema, dole tunaninsa ya yi nauyi, haƙurinsa ya gajarta, abin da ke ba shi sha'awa a da ya zame masa wahala. Malalaci ba ya zama gaban aiki har tsakar dare yana cin zuciyarsa, saboda haka ka ajiye wannan kalma tukuna.

Kofin nan na magariba yana cikin masu laifi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke kawo jin barci, shi kuwa kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, toshe wuraren da adenosin ke kamawa yake yi. Ba ya kawar da gajiyar, ɓoye ta kawai yake yi. A jikin yawancin manya, sai an yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jini, ke nan abin da ka sha ƙarfe 7 rabinsa yana tare da kai ƙarfe 12 na dare. Ka mayar da shi safiya, ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya har a ranakun hutu, ka fita cikin hasken rana da safe ko na minti goma ne, domin da haske agogon jiki ke daidaita kansa. Wayar kuma ta kwana nesa da gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin wannan adadi.

Sai dai ina roƙonka kada ka tsaya a nan. Gajiyar da ta ɗauki watanni tana bukatar a ga likita, saboda akwai cututtukan da da ita suke fara sallama. Ƙarancin jini yana kan gaba, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi da himoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya gaza giram 13 a kowace desilita ta jini yana da shi, mace marar ciki kuma idan ya gaza 12. Akwai ciwon suga, akwai raunin aikin tayirod da ke gaban wuya, akwai kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda alamarsa ita ce minshari mai ƙarfi da tashi a gajiye ko an kwana ana barci. Ukun farko gwajin jini ne ke nuna su. Na sha ganin mutum ya zo yana zargin kansa da mutuwar zuciya, a auna a tarar jininsa ne ya yi ƙasa.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗinsa da girmamawa: idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya mamaye mafi yawan yininka kusan kullum har mako biyu ko fiye, ka gaya wa likitan a fili, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani. Idan kuwa tunanin cutar da kai ya taɓa zuwa maka, kada ka bari ya kwana, ka nemi taimako a ranar.

Tsohon Ma'aikaci ya amsa:

Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu. Ka bi shawarar wannan baiwar Allah, lafiya uwar jiki. Ni zan yi magana ne a kan babi na ukun, saboda na taɓa yin kusan shekara guda da wani rahoto a cikin aljihun tebur ina kewaya shi kamar rijiya.

Kuskuren da na yi a lokacin shi ne zaman jiran ranar da zan tashi da sha'awar aikin. Ranar ba ta zo ba. Daga baya na gane cewa sau da yawa sha'awa bayan farawa take zuwa, kamar yadda ɗumin jiki ke zuwa bayan an soma tafiya. Masana halayyar ɗan Adam sun gina hanyar magani sukutum a kan wannan, tun daga ayyukan Peter Lewinsohn a Amurka cikin shekarun 1970: mutumin da ransa ya yi sanyi yakan janye daga ayyuka, janyewar ta raba shi da ɗan daɗin da yake samu a cikinsu, rashin daɗin ya ƙara masa sanyi. Ana karya wannan da'ira ne ta hanyar tsara ƙananan ayyuka a yi su a kan lokaci, ko zuciya ta so ko ta ƙi. Jawaban da kake saurara suna hura wuta ne a inda babu itace, shi ya sa take mutuwa kafin gari ya waye.

Ka lura da abin da kake cewa idan ka zauna: zan rubuta babi na uku. Wannan ba aikin zama ɗaya ba ne, dutse ne, kuma babu mai ɗaga dutse da hannu ɗaya. Ka sassara shi har ya zama abin da za ka iya kammalawa cikin minti ashirin, misali ka rubuta jimla biyar a kan yadda ka zaɓi mutanen da ka yi wa tambayoyi, ko da jimlolin ba su yi kyau ba. Mummunan shafi ana gyara shi, farar takarda kuwa babu abin gyarawa a cikinta. Sannan ka yanke lokaci da wuri tun kafin ranar. Peter Gollwitzer, wani masani ɗan Jamus, ya yi bayani a 1999 cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da wani lokaci da wuri takamaimai, wato ya ce idan kaza ya faru zan yi kaza, ya fi cika ta a kan wanda ya tsaya a kan zan yi kawai. Tunda da daddare a gajiye kake, ka gwada safiyar ranar hutu, ko wani gibi tsakanin darussa.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce tsayawa alhali da sauran abin faɗa. Nakan ajiye alƙalami a tsakiyar sakin layi, in rubuta a gefen takarda da jan biro: gobe ka fara da dalili na biyu. Da na zauna washegari, hannuna ya san inda zai kama. Daga baya ne na karanta cewa wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Maria Ovsiankina, ta nuna a Barlin tun 1928 cewa mutane suna da ɗabi'ar komawa da kansu ga aikin da aka katse musu kafin su gama. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da haka rahoton nan ya fita daga aljihun tebur cikin mako bakwai.

Malaminka kuma ka amsa masa yau. Layi uku sun isa: ka ba shi haƙuri, ka gaya masa inda ka maƙale, ka nemi ya ba ka lokacin ganawa. Shirun nan yana cin ƙarfinka fiye da yadda kake zato.

Abokiyar Sana'a ta amsa:

Ina girmama maganar Baba, kuma na yi amfani da irin dabarunsa, amma ina jin tsoron a ɗora wa ɗan'uwanmu sabon jadawali a kan kayan da tuni suka danne shi. Jimlar da ta tsaya mini a rai cikin bayaninsa ita ce ta ɗalibin da ke ɗaga hannu. Ni ma malama ce, kuma na san ranar da na fara jin haushin yaran da nake ƙauna ba tare da sun yi mini laifi ba. Wannan yana da suna, a Turance ana ce masa burnout, wato ƙonewar ƙarfi saboda aiki. Herbert Freudenberger, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana shi a 1974 bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a Amurka, mutane masu tsananin kishi, suke ƙonewa a hankali har su zama kamar kango. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi cikin kundinta na rarrabe cututtuka bugu na 11, ba a matsayin cuta ba, a matsayin yanayin da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci ko jin ƙyamarsa, da raguwar ƙwarewa a cikinsa. Malam, ka auna kanka da su.

Idan haka ne, tambayar da ta kamace ka ita ce me za ka sauke. Lokacin da abin ya same ni, na zauna na rubuta duk abin da ke wuyana, na tarar da kwamiti uku a makaranta waɗanda babu wanda ya tilasta mini shigarsu, kunyar cewa a'a ce kawai. Na je wurin shugabar makarantarmu na nemi a cire ni daga biyu, gabana yana faɗuwa, sai ga shi ta amince nan take. Na kuma ware yini ɗaya a mako da ba na taɓa takardar kowa. Hutun da ake yi da waya a hannu da fayil a buɗe ba hutu ba ne, domin zuciya tana bakin aiki ko da hannu bai taɓa komai ba.

Ka kuma tambayi kanka dalilin da ya sa a babi na uku ne aikin ya tsaya. Wani lokaci mutum yakan maƙale ne saboda akwai abin da bai fahimta ba, kamar hanyar nazarin bayanai, kuma yana jin nauyin ya ce bai iya ba. Irin wannan ko an yi barcin awa goma ba zai warware ba, sai an tambayi wanda ya sani.

Mai Neman Mafita ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in zo da abin da na aikata. Na je asibiti an ɗebi jinina, sakamakon zai fito cikin makon nan, kuma na gaya wa likitan komai har da abin da nake ji a aji. Kofin yamma na daina shi, kwana uku na farko da ciwon kai na yi su, amma yanzu ina kwanciya kafin ƙarfe 11.

Baba, na aika wa malamina saƙon a daren da na karanta maganarka, hannuna yana rawa. Ya amsa da safe ba tare da faɗa ba, ya ce in zo ranar Laraba. Malama, tambayarki ta ƙarshe ta taɓa inda ke yi mini ciwo, domin gaskiya ban fahimci hanyar lissafin da aka ce in bi wajen nazarin bayanan ba, kuma wata huɗu ina kewaya wannan gaskiya. Na rubuta tambayoyi huɗu a takarda da zan kai masa. Maganar sauke kaya kuwa har yanzu ban sami ƙarfin halin tunkarar shugabanmu ba, saboda haka ina roƙon ki gaya mini irin kalmomin da kika fara da su lokacin da kika shiga ofishin taku shugabar.