Gyaran Muryar Piyanon Lantarki: Shawarar Makaɗan Nima

Wani matashi a unguwar Nima ta birnin Accra ya kawo kukan cewa sautin piyanonsa na Yamaha yana fita a dushe, sai makaɗan unguwa suka yi masa caa da shawarwari.

Mafi yawansu sun ce ya fara duba saitin ƙarfin dannawa. In yana kan Hard, sai ka daki maɓallan sosai kafin sautin ya washe. Medium ya fi dacewa da yawancin hannaye. Fixed kuwa yana share bambanci tsakanin taɓi mai laushi da mai ƙarfi, kiɗan ya tashi babu rai.

An daɗe ana ja-in-ja kan saitin amsa-kuwwa na piyanon. Wani dattijo mai kiɗan hailaif ya ce masa: "Ɗana, ɗakin siminti da tayil yana amsawa da kansa, rage ta kawai." Ni ma nan na tsaya. Ya ƙara da cewa a ɗan janye piyanon daga kusurwar bango, domin kusurwa na kumbura sautin ƙasa. Shimfiɗa darduma ma tana taimakawa.

Duk mai saitawa da abin saurare a kunne, sai ya sake gwadawa ta lasifika, domin sautin ba ɗaya ba ne. In za a haɗa da jita, a bar ma'aunin daidaita muryar piyanon (tuning) a kan haz 440.