Atexit yaudara ce, ko kuwa?

Ɗan Bagalam: Jama'a, atexit ta Python (yaren rubuta shirin kwamfuta), wadda ke sa shiri ya yi wasu ayyuka lokacin rufewa, yaudara ce! Na rubuta ma baban wani abokina shirin lissafin shago a babbar kasuwa, na sa in an rufe ya adana cinikin ranar, ya share fayilolin wucin gadi. Jiya kuran ya ɗauke. Cinikin yini guda ya tafi, tsoho yana ta kirana.

Na Tibiri: Yaudara? Wa ya yaudare ka? Atexit na aiki ne in shirin ya fita da ƙafarshi. Naka faɗuwa ya yi, matacce kuwa bai shara.

Ɗan Bagalam: To mi ya sa sunanta "lokacin fita"?

Hajiya Zariya: Ƙanena, yaudara sai da alkawari. Ko a yaren C, tun ƙa'idarshi ta 1989, abin da aka ce shi ne za ka iya jera aiki aƙalla 32, kuma na ƙarshe da ka jera shi ke fara gudana. Ba a ce za a riƙe maka kuran ba.

Na Tibiri: Ko kill -9 (umarnin kashe shiri da ƙarfi) aka yi mishi haka za ta faru, sigina ta 9 da umarnin ke aika ma shirin ba a tare ta. Ta 15 ana iya tarewa, amma a Python in ba ka tare ta da kanka ba, atexit ba ta motsi.

Injiniya: Ni wajen 15 ɗin nan ne na ga yaudarar. Sigina ce ta "don Allah ka tashi", amma a wuce ba shara?

Na Tibiri: Wannan rashin karatu ne.

Injiniya: Bagobiri zai koya mini karatu?

Na Tibiri: Bakatsine da ke kwafo lambobi daga intanet!

Hajiya Zariya: Ku dai bari. Ɗan Bagalam, rubuta kowane ciniki cikin ma'ajiyar bayanai ta SQLite nan take, ka daina jiran rufewa.

Injiniya: Hajiya, ke ma kin san Gobirawa.

Ɗan Bagalam: Ni fa tsoho ke jira.

Injiniya: A taƙaice, an yarda cewa akwai yaudara a sigina ta 15, na Tibiri ya kasa kawo hujja. Zancen kuran kuma, a sa baturi.

Na Tibiri: Su wa suka yarda?